Maimaita Karatun Littafin The Talented Mr. Ripley

Akwai littattafan da amfaninsu kan ƙare da zarar an san ƙarshen labarin, akwai kuma waɗanda sai a karatu na biyu ainihin jigonsu ke fitowa fili. Ƙagaggen labarin nan The Talented Mr. Ripley, wanda marubuciyar Amurka Patricia Highsmith (1921–1995) ta wallafa a shekarar 1955, yana cikin kashi na biyun.

Tauraron labarin shi ne Tom Ripley, wani maraya matalauci da ke zaune a New York. Wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen ruwa, Herbert Greenleaf, ya aike shi Italiya domin ya lallaso ɗansa Dickie ya komo gida. Maimakon haka sai rayuwar Dickie ta shiga ran Tom. Da ya ga Dickie ya fara gajiya da shi, sai ya kashe shi da filafilin tuƙi cikin wani ƙaramin jirgin ruwa kusa da San Remo, ya ɗauki fasfonsa da tufafinsa, ya koyi sa hannunsa, ya koma birnin Roma yana amsa sunansa. A can ne ya kashe Freddie Miles, abokin Dickie, wanda ya fara zarginsa.

A karatun farko hankalin mai karatu kan tattaru ne a kan tambaya guda, watau ko za a kama Tom. Amma wanda ya riga ya san ba a kama shi ba, har ma ya gaji dukiyar Dickie ta hanyar wasiyyar jabu, shi ne zai lura da abubuwa uku.

Na farko, burin Tom ya wuce kuɗi. Tun a New York yana damfarar mutane da sunan haraji, alhali cakin da suke aiko masa ba ya iya karɓar kuɗinsu. Kuma tun Dickie na da rai ya taɓa kama shi sanye da tufafinsa gaban madubi yana kwaikwayonsa. Abin da Tom ke nema shi ne ya rabu da kansa, domin ya tashi a hannun wata gwaggo mai yawan wulaƙanta shi.

Na biyu, sakacin jama'a shi ya buɗe masa hanya. Bankuna da masaukai sun dogara ga takarda da shigar mai arziki. Ɗan sandan da ya yi masa tambayoyi a Roma da sunan Dickie, shi ne ya sake ganinsa a Venis da sunan Tom, bai kuwa gane shi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Marubuciyar ta tsare mai karatu cikin tunanin Tom kaɗai, har ya wayi gari yana fargaba tare da shi, yana fatan mai kisa ya tsira. Fim ɗin Faransa na 1960, Plein Soleil, ya sauya ƙarshen ya sa asirin Tom ya tonu. Littafin bai ba da wannan sauƙi ba. Hukuncin da ya rage wa Tom kawai shi ne tunanin 'yan sanda na jiransa a kowace tashar jirgin ruwa. Saboda haka wanda ya maimaita karatun, ya zama tilas ya binciki dalilin da ya sa zuciyarsa ta goyi bayan mai laifi.