Kiɗa a Kan Babur: Abin da Iska da Lasifika Ke Yi wa Kunnen Matuƙi

Akwai wasu manyan babura da ake ƙerawa don doguwar tafiya, irin waɗanda Amurkawa ke ratsa jihohi da su, mutum da matarsa a baya. Honda Gold Wing na ciki, haka ma Electra Glide na kamfanin Harley-Davidson da K 1600 GTL na BMW. Tun daga masana'anta suke zuwa da rediyo da lasifikoki da allo mai nuna taswira, har da na'urar da matuƙi zai yi hira da wanda ya goya ba tare da ya waiwaya ba. Yanzu ana ganinsu jefi-jefi a Abuja da Legas da Kano, akasari na hannu da aka shigo da su daga waje.

Abin ba yau ya fara ba. Gold Wing ya fito a 1975 tsirara, ko gilashin tare iska ba shi da shi. A farkon shekarun 1980 aka soma yi masa rufin gaba da akwatunan kaya, rediyo ya biyo baya, sai kaset, sai oba-oba ta CB mai tashoshi 40, wadda direbobin tirela a Amurka ke gulmar hanya da ita a tasha ta 19. A 2014 Harley ya fito da tsarinsa mai suna Boom! Box, a 2018 kuma Gold Wing ya zama babur na farko da ya karɓi Apple CarPlay, wato allon babur ya ɗauki aikin wayar salula. BMW ya je har wurin Marshall, masu yin lasifikokin makaɗa, don babur ɗinsa R 18 Transcontinental.

Duk wannan kayan alatu abokin gabarsu ɗaya ne: iska. Babur ba shi da ƙofa ko rufi. In ana gudun kilomita 100 a awa, rugugin iskar da ke kaɗawa a gefen hular kwano yakan kai desibel 95 ko ma fiye, ya danganta da irin hular da tsayin gilashin gaba. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Idan aka bi lissafin, a desibel 94 awa ɗaya ce, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal. Ke nan wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kano da gudu ya riga ya wuce ƙa'ida tun bai kunna komai ba.

To, sai ya kunna waƙa. Kafin ya ji ta, dole sautinta ya rinjayi iska, don haka sai ya ƙara murya. Yawancin waɗannan babura ma suna da tsarin da ke ƙara murya da kansa gwargwadon gudu. Masu talla suna yabon wannan dabara, amma ga kunne nauyi ne a kan nauyi. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu siffar gashi da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini. Alamar farko ita ce ƙarar nan ta "ziii" da mutum ke ji bayan ya sauka, ko ya ji muryoyin mutane kamar daga cikin rijiya. Da fari takan wuce bayan kwana ɗaya. In aka yawaita, sai ta zauna, har a wayi gari mutum yana cewa "na'am?" sau uku a majalisa.

Maganin bai kai kuɗin man tafiya ɗaya ba. Toshen kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, yana rage rugugin sosai. Mutane da yawa na tsoron zai hana su jin hon, alhali tsofaffin matuƙa sun san akasin haka ake samu: in iska ta lafa a kunne, hon da jiniya da muryar abokin tafiya sukan fi fitowa sarai. Lasifikar cikin hula mai matsakaiciyar murya, tare da toshe, ta fi ta jikin babur da aka ƙure. Ta jikin babur ɗin ma ta fi damun maƙwabta, musamman in an shigo unguwa da dare.

Sai batun allo. A gudun kilomita 100, babur na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na neman waƙa sun haura mita 50 ido ba ya kan titi, a kan abin hawa mai taya biyu da nauyinsa ya doshi kilo 400. A hanyar da rami ko akuya ko mai adaidaita zai iya ɓullowa kowane lokaci, wannan ganganci ne. Gudun raba hankalin matuƙi ne ya sa Faransa ta haramta sa abin sauraro a cikin kunne yayin tuƙi tun Yulin 2015, ko da yake ta ƙyale wanda aka gina a jikin hula. A saita waƙa da taswira kafin a tashi. Kira mai tsawo kuwa, a gangara gefe a amsa.

Mai shirin sayen na hannu ya duba wace ƙasa aka yi wa babur ɗin. Tsofaffin rediyoyin Japan daga mita 76 zuwa 90 suke kamawa a zangon FM, don haka Freedom Rediyo ta Kano da ke kan 99.5 ba za ta taɓa shiga ba. Na Amurka kuma a zangon AM tsallen goma-goma suke yi, tashoshinmu kuwa tara-tara aka jera su. Taswirar da ke ciki ma ta can ce. Soket ɗin wayar hula ya bambanta: na Harley ƙafa bakwai, na tsohon Gold Wing ƙafa biyar, ba sa shiga juna. CarPlay a Gold Wing na 2018 ba ya tashi sai an haɗa abin sauraro na Bluetooth, abin da ke sa wasu su ɗauka allon ya lalace. Oba-oba ta CB kuwa sai akwai wani mai irinta a kusa take da amfani. Ƙungiyoyin matuƙa na yanzu sun koma na'urorin Cardo da Sena da ake maƙalawa a hula.

A yi hattara da mai gyaran da zai ce a yanke waya a ƙara babbar amfilifaya. Wayoyin waɗannan babura a haɗe suke da kwamfutar injin, batirinsu kuma ƙarami ne. Yankan da ba a naɗe shi da kyau ba, in ruwan damina ya shige shi, yana iya kashe allon gaba ɗaya, kuma sabonsa sai an yi oda daga waje.