Ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin jiki

 Darasinmu na yau a kan jikin ɗan Adam yake.

Kowa ya ɗora hannu a ƙirji. Abin da kuke ji yana bugawa, zuciya ce. Takan buga wajen sau 70 a minti guda, wato kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya. Naman zuciya kuwa ba dunƙule guda ba ne. Tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da fatar da ta kewaye ta, kamar yadda danga take kewaye gida. To, ƙaƙa aka yi suke matsewa tare, ba mai saɓa wa wata?

Kun san maƙwabta masu shiri sukan bar kafa a jikin danga. Ta nan ake miƙa wuta ko gishiri, ba sai an zaga ta ƙofar gida ba. Haka ƙwayoyin jiki suke. Tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ƙananan ƙofofi. A shekarar 1967 wasu masana biyu a Amurka, Revel da Karnovsky, suka ga tsarinsu sarai a zuciya da hantar ɓera, da na'ura mai ƙara girman abu.

Da me ake gina ƙofar? Da wani sinadarin jiki, irin wanda ake kira furotin. Sunansa konekzin. Mutum yana da irinsa 21. Ga yadda za ku gane ginin. Ku samo guntayen karan hatsi guda 7 masu kauri ɗaya. Ku sa ɗaya a tsakiya, ku jera 6 a kewaye, ku ɗaure. Sai ku zare na tsakiyar. Abin da ya rage bututu ne. Haka konekzin 6 suke jeruwa a cikin fatar ƙwaya. Amma wannan rabin ƙofa ne kawai. Maƙwabciya ita ma sai ta kawo nata 6. Baki ya haɗu da baki, 6 da 6 sun zama 12, hanya ta buɗe daga cikin wannan ƙwaya zuwa cikin waccan. Irin waɗannan ƙofofi sukan taru ɗaruruwa a wuri guda.

Ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Gishirin jiki da sukari suna wucewa, manyan abubuwa ba sa wucewa. Gishirin nan shi ke ɗauke da ɗan ƙarfin lantarki, wanda shi ne umurnin matsewa. Yana fita daga wannan ƙwaya ya shiga ta gaba, kafin ƙiftawar ido ya game zuciya. Ƙofar kuma tana rufuwa. In ƙwaya ta ji ciwo, sai a rufe ƙofofinta don kada ɓarnar ta shafi maƙwabta.

Mahaifar mace ma haka take. Muddin ciki bai tsufa ba, ƙofofin kaɗan ne a naman mahaifa. In haihuwa ta kusa sai su yawaita, naman ya riƙa matsewa gaba ɗaya. Wannan ita ce naƙuda.

A cikin kunne kuma akwai irin da ake kira konekzin 26. In bai ginu daidai ba, ana iya haihuwar yaro kurma. A ƙasar Gana akwai wani ƙauye, Adamorobe, wanda ya yi suna da yawan kurame, har suna da maganar hannu tasu ta kansu. A shekarar 1998 masana suka nuna cewa konekzin 26 ne sanadi. Abin gado ne, kuma sai yaro ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu. Iyayen suna iya zama masu ji sarai. In dukansu suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4. Auren zumunci yakan ƙara haɗa masu irin gado ɗaya.

Saboda haka, ƴan'uwa, in an haifi kurma kada a ɗora wa uwa laifi, kada a zargi maye. Yaron nan hankalinsa lafiya lau. A yi masa magana da hannu tun yana ƙarami, a sa shi cikin yara. Ku sani kuma ba duk kurumta ce ta gado ba. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda suna kurumtar da yara, su kuwa suna da allurar rigakafi. In jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, a kai shi likita a duba.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku. Konekzin nawa ke gina ƙofa cikakkiya? Me ke wucewa ta cikinta? Don me take rufuwa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.