A Daina Ruɗa Mu da Taswirar Zaɓen Kansilolin Birtaniya

Duk shekara da watan Mayu ya kama, sai wata taswirar Birtaniya ta karaɗe WhatsApp da Facebook, an rina ta da launi guda, a ƙasa an rubuta wai jam'iyya kaza ta cinye ƙasar. Ta 2025 ce ta fi tayar da ƙura. An yi ta yawo da saƙon murya cewa Reform UK ta Nigel Farage, wadda ta yi ƙaurin suna wajen adawa da shigowar baƙi, ta karɓe mulki, don haka duk mai ɗa ko ƙane a can ya ce masa ya fara haɗa kayansa. Mai tura saƙon bai san sunan lardi ko guda a Ingila ba, amma ya hana iyayen mutane barci. Wannan ɗabi'a ta ishe ni.

Zaɓen da ake magana a kai na kansiloli ne, galibi ranar Alhamis ta farko a watan Mayu. Aikin majalisar ƙaramar hukuma a can shi ne kwashe shara, cike ramukan titi, kula da tsofaffi da yara marasa galihu, ba da izinin gini, da karɓar harajin gida. Biza da takardun zama da korar baƙi kuwa na ma'aikatar cikin gida ne a Landan. Ko kansiloli dubu jam'iyya ta samu, ba ta da ikon soke bizar ɗalibi ɗaya.

Babban kuskuren shi ne zaton duk ƙasar ke fita zaɓe rana ɗaya. Ba haka abin yake ba. Ingila kaɗai tana da majalisu sama da 300, kowacce da zagayenta. Wasu sukan zaɓi dukkan kansilolinsu sau ɗaya a shekara huɗu, wasu kashi ɗaya cikin uku suke sabuntawa a kowane zagaye. A ranar 1 ga Mayun 2025 majalisu 23 kacal suka yi zaɓe, kujeru 1,600 da 'yan kai. Landan ba ta yi ba. Birmingham ba ta yi ba, haka Manchester da Liverpool da Leeds. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa ko akwati ba a kai musu ba. Har cikin lardunan da zaɓen ya kamata ya faɗo kansu, an ɗage na wurare tara, ciki har da Essex da Surrey da Norfolk, saboda garambawul da ake yi wa tsarin ƙananan hukumomi. To ta ƙaƙa za a kalli wannan a ce ƙasa ta yanke hukunci?

Wuraren da suka yi zaɓen kuma mafi yawansu lardunan karkara ne da ƙananan garuruwa, gidan jam'iyyar Conservative tun kaka da kakanni. Rabon da a yi takarar waɗannan kujeru tun 2021, lokacin da tauraron Firaminista Boris Johnson ke tsakiyar haskawa, ana ta yaba masa kan allurar korona. Conservative ta kwashi kujeru a wannan shekara fiye da ƙima. Wanda ya hau can ƙololuwa, in ya faɗo dole a ji ƙararsa. Ta rasa kujeru sama da 670, kuma ba ta tsira da rinjaye a ko majalisa ɗaya cikin waɗanda take riƙe da su ba. Jam'iyyar Labour kuwa ƙasa da 200 ta rasa, ba don ana son ta ba, sai don dama ba ta da wani abin kirki a waɗannan yankuna da za a ƙwace.

Sannan ga yaudarar ido. Lardin Lincolnshire gonaki ne iya ganinka, a taswira ya cika fuska. Landan, mai mutum kusan miliyan tara, ɗan ɗigo ce a kusurwa. Taswira faɗin ƙasa take aunawa, kuma gona ba ta jefa ƙuri'a. A ƙara da tsarin zaɓen Ingila, inda duk wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa ya ci, ko da tazarar guda ce. In jam'iyyu biyar suka raba ƙuri'u, mai kashi talatin da wani abu cikin ɗari sai ya kwashe kujeru. A lardin Kent, Reform ta ɗauki kujeru 57 cikin 81, alhali ƙuri'unta ba su kai rabi ba, kuma a irin wannan zaɓe kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke fitowa.

Kada wani ya ce ina raina abin da ya faru. Reform ta ci kujeru 677, ta karɓi majalisu goma, ta samu magadan gari biyu, ɗaya a yankin Lincolnshire, ɗaya a Hull da Gabashin Yorkshire. Wanda ya fi ba ni mamaki Durham ne. Lardin masu haƙar kwal ne, inda Labour ta yi kusan shekara ɗari tana mulki kafin rinjaye ya suɓuce mata a 2021. Ramukan kwal sun rufe tun farkon shekarun 1990, ayyukan da suka maye gurbinsu ba su taka kara sun karya ba, jikokin mahaƙan suka gaji da alkawari. A 2025 Reform ta samu 65 cikin 98 a can. Wannan ba ruɗin taswira ba ne. Ƙarfin Reform yana inda aka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016: tsofaffin garuruwan ma'adinai, garuruwan bakin teku da kasuwa ta mutu, wuraren da tsofaffi suka fi yawa, masu digiri suka yi ƙaranci. Rauninta kuma yana garuruwan jami'a irin su Oxford da Cambridge da tsakiyar manyan birane. Ko a Doncaster da ta kwashe majalisa, magajiyar gari ta Labour, Ros Jones, ta riƙe kujerarta da tazarar ƙuri'a kusan 700.

Masu kallon ƙwallo sun san sunayen inda Labour ta fi kafuwa ba tare da sun lura ba. Liverpool, rabonta da zaɓaɓɓen kansilan Conservative tun 1998. A Barking da Dagenham, gabashin Landan, Labour ta cinye dukkan kujeru 51 a 2022, kuma a shekarar ta ƙwace Wandsworth da ke hannun Conservative tun 1978, da Westminster da ba ta taɓa riƙewa ba tun kafa majalisar a shekarun 1960. Sai dai gidan nata ma yana yoyo ta wata kusurwa. A 2024, fushin masu zaɓe Musulmi kan matsayinta game da Gaza na cikin abin da ya raba ta da rinjaye a Oldham da Kirklees, inda 'yan takara masu zaman kansu suka yi mata illa.

Liberal Democrats suna da ƙarfi a kudu maso yammacin Landan da lardunan masu hali na kudu. A 2025 sun karɓi Oxfordshire da Cambridgeshire da Shropshire. Jam'iyyar Green ce ta fi yawan kujeru a Bristol a zaɓen 2024. A Scotland jam'iyyar SNP ce ta zo kan gaba a 2022, Plaid Cymru tana da yammacin Wales inda ake jin harshen ƙasar, Sinn Féin ta zo ta ɗaya a Ireland ta Arewa a 2023.

Na san abin da ke sa mu saurin gaskata jita-jitar. A Nijeriya mun saba jam'iyyar gwamna ta lashe ƙananan hukumomi kakaf, don haka muna ɗauka wanda ya ci kansiloli shi ke da gwamnati. A Birtaniya sau da yawa akasin haka ne: zaɓen kansila shi ne bulalar da ake zane gwamnati mai ci da ita a tsakiyar wa'adi.

Saboda haka, kafin ka danna tura, tambayi kanka: waɗanne wurare ne suka yi zaɓen? Wace shekara aka yi takarar waɗannan kujeru a baya, wa ke tashe a lokacin? Lambar da aka rubuta ta kujeru ce ko ta ƙuri'u? In ba ka da amsa, riƙe saƙonka. Jefa tsoro a zuciyar uwa a kan abin da ba ka tabbatar ba alhaki ne, kuma za a tambaye ka.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna can, ku ne kuka fi ba ni haushi. Ɗan Nijeriya ko Ghana ko Kamaru da ke da izinin zama, har da ɗalibi, yana da 'yancin zaɓe a Birtaniya saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar Commonwealth. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan ba shi da wannan dama a Ingila, amma a Scotland da Wales duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana zaɓen kansila. Mutum yana biyan harajin gida duk wata, yana ƙorafin shara da hayar gida, amma sunansa ba ya cikin rajista. Rajistar nan a intanet ake yin ta, ba ta cin minti goma, sai dai ana rufe ta kwanakin aiki 12 kafin zaɓe, kuma duk wanda ya sauya gida sai ya sake. Tun Mayun 2023, a Ingila ba a ba ka takardar ƙuri'a sai ka nuna shaida mai hoto. Fasfo ɗinka na gida ya wadatar, ko ya ƙare aiki, muddin hoton yana kama da kai. In ba ka da ko ɗaya, ƙaramar hukuma tana ba da takardar shaidar mai zaɓe kyauta. Kada ka ce za a yi maka alfarma; Boris Johnson da gwamnatinsa ta kawo dokar, an mayar da shi daga rumfa a 2024 da ya manta tasa. Mace mai niƙabi tana da damar neman a duba fuskarta a keɓe. Ana buɗe rumfa daga bakwai na safe zuwa goma na dare, don haka mai aikin dare ma ba shi da uzuri.

Kuma kada ka ce unguwarku ta jam'iyya kaza ce, ƙuri'arka ba za ta canza komai ba. A ranar da aka yi zaɓen 2025, Reform ta ƙwace kujerar majalisar dokoki ta Runcorn da Helsby daga Labour da ƙuri'a shida. In ka nemi yin zaɓe ta gidan waya, cike takardarka da hannunka, kada ka miƙa ta ga wani shugaban ƙungiya ko ɗan kamfe ya cike maka. A 2015 kotu ta soke zaɓen magajin garin Tower Hamlets a Landan, Lutfur Rahman, saboda maguɗi da saɓa dokokin zaɓe, ta kuma haramta masa takara na shekara biyar.