Banaras, Birnin Ziyara a Bakin Kogin Ganga

Yara da yawa a Tuboro sun san sunan Indiya, domin sun sha ganin mutanenta a fim. Indiya babbar ƙasa ce a nahiyar Asiya, kuma a yau ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a duniya. Mafi yawan mutanenta mabiya addinin Hindu ne. Kamar yadda Musulmi suke zuwa Makka, Kiristoci kuma suke ziyartar Kudus, haka 'yan Hindu suke da biranen da suka ɗauka masu tsarki. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Banaras.

Ina birnin yake?

Wanda ya tashi daga Tuboro zai shiga mota zuwa Ngawundere, ya hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan ya hau jirgin sama har Delhi, babban birnin Indiya. Daga Delhi sauran tafiyar kimanin kilomita 800 ce ta wajen gabas. Birnin yana cikin jihar Uttar Pradesh. Sunansa uku: mutanen gari suna cewa Banaras, masu ibada suna cewa Kashi, watau birnin haske, a taswira kuwa an rubuta Varanasi. Yana cikin tsofaffin biranen duniya, domin mutane suna zaune a wurin kusan shekara 3,000.

Abin da ya ɗaukaka birnin shi ne kogin Ganga, wanda ake kira le Gange da Faransanci. Kogin ya taso daga ƙanƙarar duwatsun Himalaya, ya yi tafiyar kilomita 2,500 da ɗoriya kafin ya faɗa teku. 'Yan Hindu suna kiransa Uwa Ganga. Sun yi imani cewa wanka a cikinsa yana wanke zunubi.

Asuba a bakin kogi

Mai ziyara yakan fara da kogi, tun kafin rana ta fito. A bakin ruwa an gina matakalai masu faɗi na dutse, suna gangarowa daga gari har cikin kogi. Sunan irin wannan matakala gat, kuma sun fi 80. Duka suna fuskantar gabas. Da rana ta ɓullo, sai dubban mutane, maza da mata, tsofaffi da yara, su shiga ruwa har ƙugu. Sukan nutsa, su ɗebo ruwa da tafin hannu su ɗaga wajen rana, suna addu'a. Wasu sukan cika 'yar butar tagulla su kai gida, don 'yan uwan da ba su sami zuwa ba. Baƙo yakan ɗauki hayar kwalekwale, a tuƙa shi a hankali, ya ga wannan duka ba tare da ya dami kowa ba.

Ɗakunan ibada

Daga kogi sai a hau cikin tsohon gari. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga. Ga masu sayar da furanni da turaren wuta, ga shanu suna yawo abinsu. Ba mai yanka su, domin 'yan Hindu suna girmama saniya.

Ɗakunan ibada a Banaras ba su ƙirguwa. Mafi daraja shi ne Kashi Bishwanat, wanda aka gina don Shiba, ɗaya daga cikin manyan ababan bautarsu. Wata sarauniya mai suna Ahilyabai Holkar ce ta gina shi a 1780. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, sarki Ranjit Singh na Punjab ya ba da zinariya aka lulluɓe hasumiyarsa. A 2021 aka buɗe wata hanya mai faɗi daga kogi zuwa ƙofarsa, saboda yawan jama'a. Dab da shi akwai masallacin Gyanbapi. Sarki Aurangzeb ya sa an rushe tsohon ɗakin ibada a 1669, aka gina masallacin a wurin. An daɗe ana jayayya a kan wannan fili har gaban alƙalai, shi ya sa 'yan sanda suke gadin wurin dare da rana.

A kudancin gari akwai ɗakin Durga, jan gini, da ɗakin Sankat Mocan, inda birai suke tsalle a kan itatuwa da katanga. Akwai kuma Bharat Mata, wanda Mahatma Gandhi ya buɗe a 1936. Babu gunki a cikinsa, sai ƙatuwar taswirar Indiya da aka sassaƙa da farin dutse, da tsaunukanta da kogunanta. Masu ƙarfi sukan kewaye birnin da ƙafa, tafiyar kwana 5, suna tsayawa a ɗakunan ibada na hanya.

Inda wuta ba ta mutuwa

Akwai gat biyu da suka bambanta da sauran: Manikarnika da Harishcandra. A nan ake ƙona gawa. Mutanen Tuboro, Musulmi da Kirista da masu al'adar gargajiya, binne mamaci suke yi. 'Yan Hindu kuwa ƙona shi suke yi da itace, su zuba tokar a kogi. A imaninsu, mutum yakan mutu a sake haihuwarsa, ya mutu a sake haihuwarsa, ba iyaka. Amma wanda ya mutu a Kashi ya huta da wannan kai da komowa. Saboda haka tsofaffi da yawa sukan baro garuruwansu su zo nan su jira ajali.

Ladabin baƙo

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Baƙo mai hankali yakan yi tambaya kafin ya shiga ko'ina. Yakan tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin ibada, kamar yadda ake yi a masallaci ko a fadar lamiɗo. Yakan sa tufafin da suka rufe jiki. Inda aka ce 'yan Hindu kaɗai ke shiga, sai ya tsaya a waje. Ba ya ɗaukar hoto a wurin ƙona gawa, domin masu gawar suna cikin baƙin ciki. Ba dole ne ya yarda da abin da suka yarda da shi ba, amma ba ya yi musu dariya.

Wani Musulmi mazaunin birnin ya bar misali mai kyau. Sunansa Bismillah Khan. Gwani ne wajen busa shehnai, wani abin busa mai kama da algaita. Ya koyi busa wurin kawunsa, wanda yake busa a ɗakin Bishwanat. Shi ne ya yi busa a Delhi lokacin da Indiya ta sami 'yanci a 1947. Ya riƙe sallarsa, kuma 'yan Hindu sun ƙaunace shi har ya rasu a 2006. Musulmi suna da yawa a Banaras, kuma su ne mafi yawan masaƙan da ke saƙa zannuwan alharini da birnin ya yi suna da su.

Kogi ya yi ciwo

Da magariba jama'a sukan koma bakin ruwa, a gat ɗin Dashashwamed. Malaman ibada sukan jera, suna juya manyan fitilu, ana kaɗa ƙararrawa don girmama kogi. Amma kogin da ake yi wa wannan girma ya ƙazantu. Ruwan kwata na birane da dattin masana'antu, har da na masu jimar fata a birnin Kanpur, suna kwarara cikinsa. Irin wannan ruwa yana kawo zawo da ciwon taifot.

Wani tsohon shugaban ɗakin Sankat Mocan, marigayi Bir Bhadra Mishra, malamin addini ne kuma injiniyan ruwa. Lokacin da yake raye, kullum yana wanka a Ganga, amma ya san abin da ke cikin ruwan. A 1982 ya kafa ƙungiya don tsabtace kogin. Gwamnati ta fara nata shirin a 1986, ta sake ɗaukar wani a 2014. An gina wuraren tace ruwan kwata da dama, amma da sauran aiki.

Kogin Vina da ke wucewa ta Tuboro, da Binuwai da ke wucewa ta Garwa, a cikinsu ake kamun kifi, ake wanki, ake shayar da shanu. Abin da aka zuba a kogi a sama, shi mutanen ƙasa za su sha.

Ma'anar kalmomi

Ziyara: zuwa wuri mai daraja don ibada ko girmamawa.
Gat: matakala ta dutse da ke gangarawa zuwa kogi.
Hasumiya: dogon gini mai tsini a sama.
Ruwan kwata: ƙazamin ruwan da ke fitowa daga gidaje.

Tambayoyi

1. Faɗi sunaye uku na wannan birni.
2. Me ya sa 'yan Hindu suke wanka a kogin Ganga?
3. Wace ce ta gina ɗakin Kashi Bishwanat, kuma a wace shekara?
4. Kawo abubuwa uku da baƙo mai ladabi yake yi.
5. Me ya ƙazantar da kogin Ganga?
6. Wane kogi ko rafi ne ya fi kusa da makarantarku? Me ake zubawa a cikinsa?