In Kayan Cikin Kwamfuta Sun Ɓace, Kada a Yi Gaggawar Fomatin

Daga wata ɗalibar aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida



A wannan fitowar, shafinmu na kimiyya zai yi bayani ne a kan wata matsala da ke sa manya zufa ko da tsakiyar hunturu ne. Mutum ya kunna kwamfutarsa, ya leƙa inda ya saba ajiye kayansa, sai ya ga wayam. Jiya akwai C akwai D, yau C ce kaɗai. Ko kuma ya sa memori a waya, wayar ta ce ba ta gane shi ba sai an yi fomatin. Wataƙila makin jarrabawar aji guda ne a ciki. Wataƙila furojet ɗin wata yayarmu ce da ke shekarar ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wataƙila kuma hoton kakan da ya rasu ne, wanda babu wani sai shi.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, sau da yawa kayan suna nan inda suke. Adireshinsu ne ya ɓace. Kuma abin da mai kwamfuta ya yi bayan ya lura, shi zai sa a same su ko a rasa su har abada.

Yadda faifai yake ajiya

A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce wa had disk. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956. Na farkon yana da faranti 50 a ciki, girmansa ya kai babban kabad, amma haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Yau hoto ɗaya ko biyu na waya sun isa su cika shi.

An yanka faifai zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi da lambarsa. A mafi yawan faifai, gurbi ɗaya yana ɗaukar bait 512, kuma bait ɗaya kamar harafi ɗaya ne. Ke nan faifai mai giga 500 yana da gurabe kusan biliyan ɗaya. Kwamfuta ba za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba duk lokacin da aka ce ta buɗe wasiƙa. Saboda haka tana da rajista, inda take rubuta sunan kowane fayil da lambar gurbin da ya fara.

Mene ne fatishan?

Mu ɗauka wani magidanci ya bar wa 'ya'yansa uku gona ɗaya babba ta wajen Kaita. Aka raba, aka kafa turaku, aka rubuta takarda: daga tsamiya zuwa kuka na babba ne, daga kuka zuwa rijiya na mai bi masa, sauran na auta. Gonar ɗaya ce, amma kowa ya san iyakarsa. Haka ake raba faifai ɗaya zuwa sassa. Kowane sashe shi ake kira fatishan, shi ne muke gani da sunan C ko D ko E.

Ita ma kwamfuta tana da takardar iyaka. A tsohon tsari mai suna MBR, wanda aka fara amfani da shi a 1983, ana ajiye ta a gurbi na farko na faifai. Tsawonta bait 64 ne kacal, wato ba ta cika layi biyu na littafin rubutunmu ba, kuma sassa huɗu kawai take da gurbin rubutawa. Sabon tsari mai suna GPT ya fi dabara, domin yana ajiye kwafi ɗaya a farkon faifai, ɗaya a ƙarshe.

To idan takardar gona ta ɓace, aka kuma tuge turaku, geron da ke tsaye ya tafi wani wuri ne? Bai tafi ba. Haka nan idan waɗannan 'yan haruffa suka lalace, kwamfuta za ta ce ba ta ga D ba, ko ta nuna wurin a matsayin fili wanda ba a ba kowa ba, ko ta rubuta RAW. Amma hotuna da takardun suna kwance a gurabensu.

Me ke jawo hakan?

Na ɗaya, a ɗauke wuta kwamfuta tana tsakiyar rubutu. Na biyu, a fizge filash ko memori ba a sallame shi ba. Na uku, kuskuren hannu lokacin sa sabuwar Windows, mutum ya goge sashen da ba shi ya yi niyya ba. Na huɗu, bairos. Na biyar, tsufa ko faɗuwa. Farantin da ke cikin faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi dab da shi. Idan laftof ta faɗi tana kunne, allurar na iya kartar farantin.

Akwai kuma wani bairos da ya addabi filash a shagunan buga takardu da wajen masu tura finafinai. Shi ba ya goge komai, ɓoye folda yake yi ya bar inuwarta mai ɗan kibiya a jiki. Idan filash ya nuna a cike yake amma ba a ga kaya ba, to a nemi wanda zai cire bairos ɗin ya bayyana ɓoyayyun fayiloli. Wannan ba ya buƙatar fomatin ko kaɗan.

Abin da ke kashe kaya da gaske

Idan muka goge fayil, kwamfuta ba ta zuwa ta share gurabensa. Rajista kawai take gyarawa, ta rubuta cewa wurin nan babu kowa. Kamar ɗakin haya ne da mai gida ya ce babu kowa a ciki, alhali kayan tsohon ɗan haya suna nan. Za su ci gaba da zama har ranar da sabon ɗan haya ya tare. Ranar da ya shigo da nasa, an gama.

Wato sabon rubutu shi ne abokin gaba. Kowane hoto da aka ɗauka, kowace waƙa da aka tura, kowace manhaja da aka sauke, tana iya sauka a kan abin da ake nema. Abin da aka rubuta wani a kansa kuwa, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Shi ma fomatin iri biyu ne. Na gaggawa yana buɗe sabuwar rajista ne wadda babu komai a cikinta, don haka akan samu kaya da yawa bayansa. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista zuwa yau, yana bin kowane gurbi ya rubuta sifili. Bayan wannan sai haƙuri.

Matakai shida

1. A tsaya. Kada a ƙara ajiye komai. Idan memori ne a kashe waya a cire shi, idan kwamfuta ce a kashe ta.

2. Idan allo ya tambaya ko a yi fomatin, a ce a'a. Kada kuma a buɗe sabon fatishan a wurin da ya ɓace.

3. A kasa kunne. Idan faifai yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ciwon a jikinsa yake, ba a rajista ba. A daina kunna shi, kuma kada a kwance shi a gida. Ƙwararru suna buɗe faifai ne a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata shi. Mu kuwa mun san ƙurar Katsina.

4. Idan da hali, a fara kwafe faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani faifan. Sai a yi aikin nema a kan kwafin, ta yadda ko an yi kuskure na asalin yana nan.

5. Kada a sauke manhajar nema a kan faifan da ya samu matsala, kuma duk abin da aka samo a zuba shi a wani wuri dabam.

6. Wanda bai iya ba ya kai wa wanda ya iya, kada garin neman gira a rasa ido. A gaya wa mai gyara gaskiyar duk abin da aka latsa, domin ran wanka ba a ɓoyon cibi. A kuma faɗa masa tun daga bakin ƙofa cewa kayan ake so, ba sabuwar Windows ba. Wani mai gyaran in ba a faɗa masa ba, fomatin zai fara yi don kwamfuta ta tashi da wuri.

Yadda ake nemo su

Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙiro manhajoji biyu na kyauta da masu gyara ke amfani da su a duniya. Ta farko sunanta TestDisk. Aikinta kamar na dattijon da ke zagaya gona yana neman ramukan tsofaffin turaku. Kowane fatishan yana da alama a farkonsa, tsarin NTFS na Windows ma yana ajiye kwafin alamar a ƙarshensa. Idan manhajar ta gano farko da ƙarshe, sai ta sake rubuta takardar iyaka, D ta dawo da foldodinta da sunayensu.

Ta biyu sunanta PhotoRec, ana komawa gare ta idan rajistar ma ta lalace. Ita ba ruwanta da rajista. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi. Hoton JPEG yana farawa da FF D8, takardar PDF kuma da %PDF. Sai ta bi gurabe tana tsinto duk inda ta ga tambari. Matsalarta ita ce sunaye ba sa dawowa, sai dai lambobi, mutum ya zauna yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Fayil ɗin da aka ajiye a warwatse kuma yana iya dawowa rabi.

Inda abin ke da wuya

Sababbin laftof da yawa suna amfani da SSD, wanda ba shi da faranti. Shi yakan share guraben abin da aka goge da kansa ba da daɗewa ba, don haka damar samu ƙarama ce. Wayoyin Android na yanzu suna kulle kayansu da mabuɗin sirri, idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ya tafi ke nan. Sai memori na jabu, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba. Abin da ya haura 8 ɗin bai taɓa zama a ciki ba, balle a nemo shi.

Labari biyu daga Amurka

Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, kumbon Columbia ya tarwatse a sama yana dawowa duniya, 'yan sama-jannati bakwai suka rasu. Daga baya aka tsinci wani faifai nasa a jihar Texas, ya ƙone ya narke ta waje. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro farantin, ya wanke, ya sa a jikin wani faifan, aka samo kashi 99 cikin 100 na bayanan wani gwajin kimiyya da aka yi a sararin samaniya. Wuta ba ta kashe su ba.

A 1998 kuma, a kamfanin Pixar, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2 ana tsakiyar haɗa shi. Da aka duba ma'ajiyar kamfanin sai aka tarar ita ma ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta.

Rigakafi ya fi magani

Masana suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1. Abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri dabam. Kwafe abu daga C zuwa D ba ajiya ba ce, domin faifai ɗaya ne, in ya mutu tare za su tafi. Batun wuri dabam kuwa, mu Katsinawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021. Duk abin da ke cikin shago ɗaya, ko kwafi goma ne, wuta ɗaya ce za ta ci shi. Mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta a Google, sun ishi takardun makaranta da hotuna masu yawa.

Sannan tunda abin da aka goge yana iya dawowa, mu kula da wanda muke ba aron memori ko muke sayar wa waya. Mu ma idan memorin wani ya shigo hannunmu, amana ce, ba a tona wa mutum abin da ya goge.

Ina roƙon malamanmu masu ajiye makinmu a laftof, don Allah a riƙa kwafewa a filash duk ƙarshen mako, a kuma bar rajistar takarda a cike. Mu ɗalibai kuma, yau in mun koma gida, mu tambayi iyayenmu: hotunan gidan nan da takardun shago, a wuri nawa suke? Idan amsar wuri ɗaya ce, to ga aikin Asabar ya samu.

Tambayar wannan fitowar: idan gurbi ɗaya yana ɗaukar bait 512, gurbi nawa fayil mai bait 2,048 zai cika? A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allahu.