Shuɗaɗɗen Lokaci da Sunan Aiki a Ingilishi: Abin da Hausar Ɗalibin Sakandare a Wudil Ta Riga Ta Koya Masa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wurare biyu da ɗaliban sakandare Hausawa suka fi tuntuɓe a nahawun Ingilishi, wato lokutan da suka shuɗe, da kuma zaɓi tsakanin aikatau mai ɗafa-ƙeyar *-ing* da mai biyo bayan *to*. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan bambance-bambancen da ake wahalar da ɗalibi da haddarsu suna nan a cikin Hausarsa, sai dai ba a wurin da Ingilishi ya ajiye su ba.

1.0 Gabatarwa

Wudil gari ne na Hausa da ilimi. Yana bisa hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, kuma a nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, wadda ta fara aiki a 2001, ga kuma makarantar horas da manyan jami'an 'yan sanda. Amma yaron da ya tashi a garin, yana hango ƙofar jami'ar kullum, ba zai shige ta ba sai da kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO. Harshen da wannan yaro yake mu'amala da shi a gida da kasuwa da filin ƙwallo Hausa ce. Ingilishi kuwa sai a aji, a ajin ma sau da yawa da Hausa ake warware masa abin da ya shige duhu.

Tun a 1957 Robert Lado, a littafinsa *Linguistics Across Cultures*, ya yi bayanin cewa mai koyon baƙon harshe yakan ɗebo ɗabi'un harshensa na farko ya zuba a cikin sabon. An sha sukar wannan ra'ayi, domin ba kowane kuskure ne yake da tushe a harshen uwa ba. Duk da haka, wanda ya taɓa duba insha'in ɗaliban babbar sakandare a ƙasar Hausa ya san akwai kurakuran da suke maimaita kansu daga littafi zuwa littafi, kuma ba lalaci ne ya haife su ba.

2.0 Ina Hausa take ajiye lokaci?

A Ingilishi jikin aikatau ne yake sauyawa: *go* ya koma *went*, *walk* ya koma *walked*. A Hausa kuwa aikatau yana zaune daram, zagin aikatau da lamirin da ke tare da shi su ne suke ɗaukar nauyin: sun tafi, suka tafi, za su tafi, sukan tafi. Wannan shi ne bambanci na farko, kuma shi ne mafi sauƙi.

Na biyun ya fi zurfi. Abin da littattafan makaranta suke kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, a haƙiƙa ba shuɗewar lokaci yake nunawa ba, kammaluwar aiki yake nunawa. Shi ya sa Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya ba shi sunan da ke nufin kammalalle. Dubi waɗannan jimloli:

1. Jiya mun isa Azare da wuri.
2. Gobe war haka mun isa Azare.
3. Mun gaji.

Siffa ɗaya ce, *mun*, amma ta farko jiya ce, ta biyu gobe ce, ta uku kuwa yanzu ce. Bature zai ce *we reached*, sannan *we will have reached*, sannan *we are tired*. Haka ma lokaci mai ci: *yana karatu* bai faɗi ko yaushe ba. Idan aka ce "Da na shiga, yana karatu", kalmar *da* da abin da ya biyo ta su ne suka mayar da karatun baya. Bahaushe yakan kafa lokaci sau ɗaya a farkon magana, da *jiya* ko *bara* ko *wata rana*, ya ci gaba da labarinsa ba tare da ya sake waiwayarsa ba. Ingilishi ba ya yarda da haka. Kowane aikatau na jimla sai ya sake shaida cewa a baya ake. Daga nan ne ake samun *When I entered, he is reading*, da kuma *He said he is coming* a wurin da ake bukatar *was*, domin "Ya ce yana zuwa" ba ta bukatar wani gyara a Hausa.

Akwai kuma matsalar kunne, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: BW da BWW da BWB. Babu cunkoson baƙaƙe a farko ko a ƙarshen gaɓa, shi ya sa kalmomin aro irin su *burodi* da *benci* suka sami ƙarin wasula. To, ɗafa-ƙeyar *-ed* a *walked* da *asked* ba gaɓa ce mai zaman kanta ba, sautin /t/ ne kawai da ya manne a bayan wani baƙi ko biyu. A *wanted* da *needed* ne take fitowa fili. Ɗalibin da bai ji ta a bakin malami ba, da wuya ya rubuta ta. Wannan kuskure gyaransa a shifta da karatu a bayyane yake, ba a allon ƙa'idoji ba.

3.0 Sun da suka

Wurin da ɗalibai suka fi tsoro shi ne siffar *had* da abin da ke biye da ita, kamar *had sold*. Yadda aka saba koyar da ita shi ne a ce "aikin da ya faru kafin wani aikin da ya faru", a zana layi a allo da alamomi biyu. Bayanin daidai ne, amma ɗalibi yakan haddace shi ya kasa aiki da shi. Alhali kuwa a ba shi waɗannan jimloli biyu daga kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ranar Juma'a:

4. Da muka isa kara, sai suka sayar da bajimin.
5. Da muka isa kara, sun sayar da bajimin.

Babu ɗan Wudil da zai rikita su. A ta huɗu a gabanmu aka yi cinikin, a ta biyar kuwa mun makara. Ta huɗu ita ce *When we arrived, they sold the bull*, ta biyar ita ce *they had sold the bull*. Ke nan a cikin labari, *suka* shi ke jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma abokin tafiyarsa a Ingilishi shi ne *sold* da *went* da *saw*. Idan *sun* ya faɗo a tsakiyar labarin, musamman in za a iya ƙara masa *riga*, to *had* ake nema. *Suna* kuwa shi ke shimfiɗa yanayin da abin ya auku a ciki, wato *were selling*. Da waɗannan ukun ɗalibi zai iya rubuta insha'in labari daga farko har ƙarshe bai kauce ba.

Sai dai a lura, wannan ma'auni na labari ne kawai. *Suka* yana da wani aikin dabam, na tambaya da ƙarfafawa da dogarau, kamar a "Su wa suka zo?" da "mutanen da suka zo". A nan ba jerin aukuwa yake nunawa ba, don haka yana iya zama *came* ko *have come* ko *had come*. Ga kuma mutum na uku namiji tilo, inda rubutunmu na yau da kullum bai bambanta *ya* mai dogon wasali da *ya* mai gajere ba. Saboda haka ya fi kyau malami ya kafa misalansa da jam'i ko da mace, inda *ta* da *ta* ma suke da wannan matsala, amma *kin* da *kika* suke a rarrabe.

Tsakanin *went* da *has gone* kuwa Hausa ba ta da tsayayyar iyaka, *ya tafi* ya ɗauke su duka. Abin da ke taimakawa shi ne ƙa'ida guda: da zarar an ambaci ƙayyadadden lokacin da ya wuce, *yesterday* ko *in 2001*, to *has* da *have* ba su da wurin zama. Kalmar *taɓa* ma jagora ce, domin "Ka taɓa zuwa Gaya?" ita ce *Have you ever been to Gaya?*

Korewa ba ta bukatar dogon bayani. *Did not go* gininsa irin na "bai tafi ba" ne: ƙaramar kalmar ta ɗauki lokaci, aikatau ya zauna yadda yake. Mai rubuta *did not went* ba Hausa ce ta kā da shi ba, ƙwazon nuna ya san *went* ne.

4.0 Sunan aiki da takwaransa

A nan ɗan Bahaushe yana da gatan da wasu ba su da shi. Ɗalibin sakandare a Sifaniya ko Meziko yana fama da *-ing* domin a harshensa siffar aikatau ta asali ce take zama suna, har bayan harafi, kamar a *antes de salir*, shi ya sa yake cewa *before to go*. Hausa kuwa tana da sunan aiki cikakke: karatu, gudu, sha, dafawa. Yana zama aikau, kamar a "Gudu yana da amfani", wato *Running is useful*. Yana biyo bayan daina da gama da fara da ci gaba da, daidai yadda *-ing* ke biyo bayan *stop* da *finish* da *keep*. A ɗaya ɓangaren kuma, siffar nan ta *in tafi, ka tafi, su tafi*, wadda ke nuna nufi ko buri ko umurni, ita ce ta fi yawan dacewa da *to*: "Ina so in tafi", *I want to go*, "Na ce su zauna", *I told them to sit*.

Amfanin wannan yana fitowa sosai a aikatan da ma'anarsu ke juyawa, waɗanda masu tsara tambayoyin cike gurbi suke ƙauna:

6. Direban ya daina shan shayi.
7. Direban ya tsaya ya sha shayi.
8. Sun manta su kulle shagon.
9. Sun manta sun kulle shagon.

Ta shida *stopped drinking*, ta bakwai *stopped to drink*. A ta takwas shago a buɗe ya kwana, *forgot to lock*. A ta tara an kulle shi, mantuwa ce ta biyo baya, *forgot locking*. Baƙi ɗaya ne tsakanin *su* da *sun*, kuma ɗalibi yana jin nauyinsa tun yana ƙarami. Haka nan *used to go* da *is used to going*: ta farko "a da yakan je", ta biyu "ya saba da zuwa". Tunda *da* a Hausa suna take bukata a bayanta, ɗalibi zai gane dalilin da *to* ta biyu, wadda harafi ce ba alamar aikatau ba, take jawo *-ing*. Wannan *to* ɗin ce kuma a *I look forward to hearing from you*, jimlar da ake yawan rufe wasiƙar neman aiki da ita, ake kuma yawan ɓata ta.

Ba ko'ina gadar take kaiwa ba. Hausa tana cewa "ya ƙi zuwa" da "ya kasa tashi" da "ya koyi tuƙi", duk da sunan aiki, amma Ingilishi yana son *refused to come* da *failed to get up* da *learned to drive*. "Ya iya tuƙi" kuwa ba *-ing* ba *to*, sai *can drive* tsura. *So* ma tarko ne, domin ya haɗa *want* da *like* da *enjoy*, ga shi *want* yana tafiya da *to*, *enjoy* da *-ing*, *like* kuma da kowanne. Waɗannan su ne suka cancanci hadda, kuma ba su da yawa. A ra'ayin wannan maƙala, jerin aikatau hamsin ko sittin da ake kwafa wa ɗalibai a allo ɓata alli ne. Ya isa a ware 'yan kaɗan da Hausa da Ingilishi suka saɓa a kansu, sauran kuma a sa ɗalibi ya faɗi jimlar da Hausa tukuna, ya saurari ko *karatu* ya ce ko *in karanta*, sannan ya ɗora alƙalami.