John Pople: Mai Lissafin da Ya Shigar da Kemistiri Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe, da zarar an ambaci kemistiri sai mu tuna da kwalabe da farar riga da warin sinadarai. A wannan maƙala ina so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wani masani da ya yi fice a fannin, alhali kayan aikinsa alƙalami ne da kwamfuta.

Rayuwarsa

An haifi John Pople a shekarar 1925 a garin Burnham-on-Sea da ke Ingila, inda mahaifinsa yake da shagon tufafi. Lissafi ya karanta a Jami'ar Cambridge, ya kuma sami digirin digirgir a 1951 a ƙarƙashin Farfesa John Lennard-Jones. A 1964 ya koma Amurka, ya kama aiki a birnin Pittsburgh, a cibiyar da daga baya ta zama Jami'ar Carnegie Mellon. A 1993 ya koma Jami'ar Northwestern. Ya rasu a 2004.

Matsalar da ya tarar

Kowane abu a duniya haɗuwa ce ta ƙwayoyin zarra, kuma abin da ke ɗaure su shi ne wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron. Tun 1926 Erwin Schrödinger ya fito da lissafin da ke bayyana motsin waɗannan ƙwayoyi. To amma sanin doka daban, aiki da ita daban. Idan ilektiron ya wuce guda ɗaya, ba a iya warware lissafin daidai-wa-daida, sai dai a kusanta.

Abin da ya yi

Pople ya dage kan cewa a zaɓi hanyar kusantawa guda ɗaya, a yi amfani da ita kan kowane sinadari ba tare da gyare-gyaren son rai ba, sannan a gwada sakamakon da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Idan ta ci jarrabawa kan sinadaran da aka sani, sai a amince da ita kan waɗanda ba a sani ba.

Shi da ɗalibansa sun zuba wannan tunani cikin manhajar Gaussian 70, wadda ta fito a 1970. Ga yadda irinta take aiki: za ka gaya wa kwamfuta ƙwayoyin zarrar da ke cikin sinadari da inda kake zaton suke zaune. Sai ta lissafa ƙarfin da ke tattare da wannan zama, ta ɗan gusar da su, ta sake lissafawa, har ta kai inda ƙarfin ya fi ƙanƙanta. Wannan ita ce siffar sinadarin. A ruwa, misali, ƙwayoyin haidirojin biyu suna riƙe da oksijin ɗaya a kusurwar da ta kai kimanin digiri 104.5, kuma lissafi mai kyau yakan kusanci wannan adadi ƙwarai. Ta haka masanin da ba gwanin lissafi ba ya sami damar yin binciken da a da sai ƙwararru. A 1998 Pople ya raba lambar yabo ta Nobel da Walter Kohn.

Kammalawa

A ganina, darasin da ke nan ya shafe mu kai tsaye. Idan muka kafa dokar nahawu, kan jam'i ko jinsi ko karin sauti, bai kamata mu tsinto misalai uku da suka yi mana daɗi mu tsaya ba. Mu bi da ita kan kalmomi masu yawa, mu rubuta waɗanda suka bijire mata, mu koma wurin masu harshen mu ji ta bakinsu. Su ne ɗakin gwajinmu.